Baburan Jannat da Igwar Misbahu

A unguwar Gyaɗi-Gyaɗi akwai wata yarinya 'yar aji shida, sunanta Jannat. Komai nata da sauri take yin sa. Da sauri take cin abinci, da sauri take magana, da sauri take tafiya. In Umma ta ce za ta aike ta, kafin ta rufe baki Jannat ta kai zaure. Can sai ka ji ta dawo tana haki.

"Umma, me ma kika ce in sayo?"

"Ai ban faɗa ba tukuna," in ji Umma. "Ke dai kullum kamar ana kora ki."

A makarantarsu akwai ɗakin kwamfuta. Kwamfutoci shida ne a ciki, amma huɗu ne ke aiki. Duk ranar Alhamis bayan an tashi, Malam Isyaku yakan tara 'yan ƙungiyar kwamfuta ya koya musu rubutu da zane. In sun yi ƙoƙari, sai ya bar su su yi gem ɗin yaƙi na rabin awa.

A gem ɗin, kowane ɓangare yana da sansani da runduna. Ba a jiran juna. Kana tura sojojinka, abokin gaba ma yana turo nasa a lokaci guda. Wanda ya rushe sansanin wani, shi ya ci.

Sojojin iri-iri ne. Akwai masu babura, ga gudu amma ba sa jure wuya. Akwai sojojin ƙasa. Akwai motar magani mai warkar da wanda ya ji rauni. Sannan akwai igwa, babbar bindiga mai harbi daga nesa. Ita kam tafiyarta sai ka yi gyangyaɗi kafin ta iso.

Mutum biyu ke haɗuwa su riƙe runduna ɗaya. Jannat ke riƙe da babura da sojojin ƙasa. Abokin wasanta, Misbahu, shi ke riƙe da igwa da motar magani. Misbahu yaro ne mai sanyi. Ko tambaya aka yi masa a aji, sai ya gyara zama, ya yi tunani, sannan ya ba da amsa.

Wata Alhamis Malam Isyaku ya shigo da takarda a hannu.

"Za a yi gasa a Tarauni ranar Asabar ta sama," ya ce. "Kowace makaranta mutum biyu. Na zaɓi Jannat da Misbahu. Ranar Litinin zan aika da sunaye."

Jannat ta daka tsalle don murna. Ta daɗe tana mafarkin wannan rana.

"To, ku zauna mu gwada," in ji Malam. "Ku biyu za ku kara da kwamfuta."

Aka fara. Jannat ta kama maus, ta zagaye duk sojojinta gaba ɗaya, ta danna can kan sansanin abokan gaba. Babura suka fita a guje. Sojojin ƙasa suka bi su a baya. Igwar Misbahu kuwa ko ƙofar sansani ba ta fita ba.

"Jannat, ki ɗan jira ni," in ji Misbahu.

"Kai dai taho!"

Babura suka tsallake gada su kaɗai. Abokan gaba suka yi musu rubdugu, kafin ƙiftawar ido babu ko ɗaya. Sojojin ƙasa suka iso, su ma aka gama da su. Sai ga igwa ta iso gada ita kaɗai, babu mai kare ta. Aka zagaye ta, aka farfasa.

Aka sake, aka kuma cinye su. Aka sake na uku, haka dai.

Ran Jannat ya ɓaci. Ta ture kujera ta miƙe.

"Malam, wallahi Misbahu ne yake jawo mana! Ni ina can ina yaƙi, shi yana nan yana rarrafe. Kunkuru kawai! A canja min shi."

Yaran da ke tsaye a baya suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Kunkuru!" Sauran suka amshe.

Misbahu ya kashe kwamfutarsa yadda aka koya musu, ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Malam, a cire sunana. Na fasa."

Ya fita, idanunsa sun cika da hawaye.

Malam Isyaku ya dubi Jannat ya daɗe. "Laifi tudu ne," ya ce. "Kin take naki kin hango na wani. Ba zan canja kowa ba. Babu wanda ya iya igwa kamar Misbahu. In bai dawo ba kafin Litinin, makarantarmu ba za ta shiga gasar ba."

Jannat ta koma gida tana kumbure-kumbure. A ranta ita aka zalunta. Da aka zo cin tuwo ma tsakura kawai ta yi, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar Lahadi aka yi bikin saukar Alƙur'ani a Islamiyyarsu. A al'adar makarantar, kafin a zauna walima sai duk ɗalibai sun zagaya unguwa a jere suna waƙe. Tun da hantsi layi ya cika da yara, kowa da sabon hijabi ko farar hula.

Malama Hafsat ce ke jera su. Ta sa 'yan ƙaramin aji a gaba, biyu-biyu. Cikinsu har da Iyatu, ƙanwar Jannat, 'yar shekara biyar. An sa mata sabon takalmi da ya ɗan yi mata yawa. Manyan ɗalibai suka tsaya a gefe da gefe, riƙe da doguwar igiya don kada wani ya fita daga layi. Malamai suna baya da ruwan sha.

"Jannat, zo ki riƙe tuta," in ji Malama. "Ke ce a gaba. Ki riƙa waiwayowa, kin ji?"

"To, Malama."

Ta ce to, amma kunne ɗaya ya shiga ya fita ta ɗaya. Ita dai ta ga tuta, ta ga mutane sun fito ƙofar gida suna kallo.

Aka tashi. Da farko lafiya lau. Can ƙafar Jannat ta tuna da halinta. Ta ƙara sauri, ta kuma ƙarawa. Ƙananan da ke bayanta suka fara gudu-gudu don su cim mata. Masu ƙarfi suka bi, marasa ƙarfi suka rage a baya. Igiya ta ɗame har ta suɓuce daga hannun wata ɗaliba.

Suka iso bakin titi. Wani dattijo ya ɗaga hannu, ya tsayar da ababen hawa. Jannat ta tsallake da yara kamar goma. Bayansu sai fili, babu kowa. Masu adaidaita sahu suka zaci an gama wucewa, suka fara motsawa.

Sai aka ji ƙarar birki, ƙiiii! Mata suka sa salati.

Jannat ta waiwaya. Karo na farko ke nan da ta waiwaya tun da aka tashi.

Iyatu ce a tsakiyar titi. Takalminta ya cire, ta sunkuya za ta ɗauka. Gaban adaidaita sahu ya tsaya dab da ita, bai fi taku ɗaya ba. Direban ya diro, ya ɗauke ta cak, ya kai ta gefe.

"Ina manyanku?" ya ce. "Wa ya bar yarinya haka ita kaɗai?"

Jannat ta jingine tuta, ta ruga ta rungume ƙanwarta. Ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Yaya Jannat, na yi ta kiran ki," in ji Iyatu cikin kuka. "Na ce ki jira ni, ba ki ji ba."

Wannan magana ta soki Jannat. Ta taɓa jin irinta, kwana uku da suka wuce, daga bakin wani.

Malama Hafsat ta iso. Ta duba Iyatu, ta ga babu ko ƙwarzane. Ta yi wa Allah godiya, ta yi wa direban godiya. Sannan ta ja Jannat gefe. Jannat ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, amma Malama ba ta ɗaga murya ba.

"Me ya sa kike zaton na sa ƙanana a gaba?"

"Don... don mutane su gan su, Malama. Sun fi kyau."

"A'a. Don su ne masu gajerun ƙafafu. In na sa manya a gaba, za su wuce su bar su. Shi ya sa kowa yake bin takunsu. Manya kuma suna gefe don su kare su. Ita kuwa mai tuta, aikinta ba ta riga kowa isa ba ne. Aikinta ta kai kowa."

Hawaye ya zubo wa Jannat. "Malama, a ba wata tutar."

"Ba zan ba wata ba. Ɗauko ta. Yanzu ne ma kika san yadda ake riƙe ta."

Aka sake jera layi. Malama ta cusa ɗan tsumma a takalmin Iyatu don ya kama ƙafarta. Aka tashi. Wannan karon Jannat takan yi taku biyar ta waiwaya. In ta ga layi ya fara rabuwa, sai ta tsaya har a haɗu. Tafiyar ta yi mata tsawo ƙwarai, ƙafafunta har ƙaiƙayi suke yi. Amma da suka dawo makaranta, layin yana nan a haɗe kamar yadda ya fita.

Da yamma ta zauna kusa da Umma tana taya ta gyaran zogale. Ta ba ta labarin komai, har da na Misbahu.

"Umma, ashe ba shi ne yake nawa ba. Igwar ce haka aka yi ta. Ni ce nake tafiya in bar shi."

"Sauri ya haifi nawa ke nan," in ji Umma. "To, yanzu me za ki yi?"

"Gobe zan kira shi gefe in ba shi haƙuri."

"A gefe kika zage shi?"

"A'a. A gaban kowa."

"To, a gaban kowa za ki ba shi haƙuri."

Wannan fa ya yi wa Jannat nauyi. Amma ta san gaskiya Umma ta faɗa.

Ranar Litinin da aka fita hutun tara, ta roƙi Malam Isyaku ya tara 'yan ƙungiya. Misbahu ma ya zo, ya tsaya can bakin ƙofa. Jannat ta fito gaba. Bakin nan nata mai sauri yau sai ya yi nauyi.

"Misbahu, na ce maka kunkuru a gaban kowa. Ban kyauta ba. Laifina ne aka cinye mu, ba naka ba. Don Allah ka yi haƙuri, ka dawo."

Misbahu ya gyara tsayuwa, ya yi tunani kamar yadda ya saba. Jannat ta ji kamar shekara guda. Amma ta danne, ba ta ce masa ya yi sauri ba.

"Na haƙura," ya ce. "Amma in na ce ki jira, za ki jira?"

"Zan jira."

Malam Isyaku ya ciro takarda daga aljihu, ya rubuta sunaye biyu, yana murmushi.

Duk makon nan suka yi ta gwaji bayan an tashi. Jannat ta daina zagaye sojojinta gaba ɗaya. Malam ya nuna mata yadda ake raba su rukuni-rukuni, kowane da lambarsa. In ta danna ɗaya, sojojin ƙasa ne. In ta danna biyu, baburan dama. In ta danna uku, baburan hagu.

Ita da kanta ta zana tsarin a bayan littafinta. Igwa da motar magani a tsakiya. Sojojin ƙasa a gabansu kaɗan. Babura a gefe da gefe. Babur ɗaya tak take turawa ya leƙo hanya ya dawo.

"A ina kika koyi wannan?" in ji Malam.

"A Islamiyya, Malam."

Malam ya ɗaga gira, amma bai ƙara tambaya ba.

Ranar Asabar suka hau adaidaita sahu zuwa Tarauni. Umma ma ta zo, riƙe da hannun Iyatu. Zauren gasar ya cika da ɗalibai da iyaye. An kafa babban allo a bango, kowa yana ganin yadda yaƙi ke gudana.

Suka ci wasan farko. Suka ci na biyu da ƙyar. Sai ga su a wasan ƙarshe, za su kara da wasu yara biyu daga Hotoro, Inuwa da Mu'azu. Waɗannan ba kanwar lasa ba ne. Tun safe babu wanda ya ja da su.

Aka fara. Rundunar su Jannat ta fito a haɗe, tana tafiya a hankali. Wasu 'yan kallo suka fara dariya.

"Kai, waɗannan sai gobe za su iso!"

Jannat ta ji, kunnuwanta suka yi zafi, amma ba ta kula ba.

Da suka kusa gada, sai ga baburan Inuwa guda huɗu. Suka yi harbi biyu, suka juya da gudu, suka tsallake gada. Su huɗu kacal! Jannat tana da goma sha biyu. In ta bi su, a take za ta gama da su.

"Bi su! Bi su!" 'yan makarantarsu suka yi ta ihu.

Yatsanta ya hau kan maus. Sai ta tuna da ɗan takalmi a tsakiyar titi. Ta waiwaya, wato ta ja allonta baya ta duba inda igwa take. Tana can tana tahowa, ba ta ƙaraso ba.

"Misbahu, ka iso?"

"Saura kaɗan. Ki jira."

"Ina jira."

Ta ɗauke yatsanta. Ta danna ɗaya, ta tsayar da sojojin ƙasa a bakin gada. Ta danna biyu da uku, ta ja babura gefe. Sannan ta tura babur ɗaya ya leƙa bayan tudun da ke hayin gada.

Zaure ya ɗauki "Kai!" Ashe duk rundunar su Inuwa tana laɓe a bayan tudun. Baburan huɗun nan tarko ne. Da ta bi su, da shi ke nan.

Da su Inuwa suka ga asirinsu ya tonu, sai haƙurinsu ya ƙare. Suka kwararo gaba ɗaya ta kan gada. Gadar kuwa siririya ce, sai suka cunkushe.

"Na iso," in ji Misbahu a hankali.

Igwa ta buɗe wuta. Dum! Dum! Sojojin ƙasan Jannat suka tare bakin gada, ba su bar kowa ya taɓa igwar ba. Duk wanda ya ji rauni sai ta ja shi baya, motar magani ta warkar da shi, ta maido shi gaba.

"Yanzu, Jannat!" in ji Misbahu. "Yanzu ki yi gudunki!"

Ai kuwa kamar jira take. Ta danna biyu, ta danna uku. Babura suka fito ta dama da hagu kamar an saki awaki da safe. Abin da ya rage na abokan gaba suka share. Daga nan runduna ta tsallake gada a haɗe, har sansanin su Inuwa. Ba a daɗe ba ya faɗi.

Zaure ya kaure da tafi. Malam Isyaku ya manta da girma, ya cire hula yana kaɗawa. Inuwa da Mu'azu suka zo suka yi musu barka.

"Kowa yana faɗa wa tarkon nan," in ji Inuwa. "Ke me ya hana ki?"

"Abokina bai iso ba," in ji Jannat.

Da aka miƙo kofi, Jannat ta riga kai hannu, don hali zanen dutse ne. Sai ta tuna, ta janye. Ta jira Misbahu ya ƙaraso, suka ɗaga tare.

A waje Malam Isyaku ya tara 'yan ƙungiya a inuwar darbejiya.

"Kun ga abin da ya faru," ya ce. "Mai sauri yana da amfani, mai nawa ma yana da amfani. Amma in kowa ya tafi shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya za a cinye su. Shugaba na gari ba ya barin na bayansa. Kuma in ka yi kuskure, kada ka ɗora wa wani. Ka amsa, ka gyara."

"Mun ji, Malam!"

Adaidaita sahu ya sauke su Umma a bakin layinsu. Jannat ta ƙagu ta nuna wa Baba takardar yabon da aka ba ta. Ta yi taku uku da sauri, sai ta tsaya cak. Ta juyo, ta miƙa wa Iyatu hannu.

"Yaya Jannat, yau ba kya sauri?"

"Ina yi mana," in ji Jannat. "Irin naki nake yi."

Suka taka a hankali har ƙofar gida, kuma takalmin Iyatu bai cire ba ko sau ɗaya.